Suwic Biyu, Magada Biyu

Jiya ina shigowa na ji ɗayanku yana gaya wa ɗan'uwansa wai aikin nan ba komai ba ne, soka waya ce a rami, in fitila ta kawo kore sai a kaɗe riga a tafi cin taliya. Na wuce abina. Amma tunda yau an ɗauke wuta, ga ku zube a benci kowa ya kafa wa wayarsa ido kamar boka da ƙwaryar duba, ku ajiye su ku saurara. A ramin nan da kuke rainawa gemuna ya yi fari.

A Kaduna na koyi sana'ar, a hannun wani mutum da muke kira Oga Audu. Gajere ne, ga tumbi, ga faɗa kamar zakaran da aka taka wa ƙafa. Ranar da na je masa ko zama bai ce in yi ba, ya rataya mini jakarsa ya yi gaba. Damina ta zo ta wuce, rani ya zo ya wuce, ban taɓa madannin kwamfuta a gabansa ba. Aikina ɗaukar jaka, riƙe tocila, da goge bakin waya. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Wanda bai iya wanke kwano ba, wa zai ba shi tukunya?"

Ga yadda ya fara karantar da ni, haka kuma zan karantar da ku ko kuna so ko ba kwa so. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa ma'aikata aiki, amma ba a cikinta kayan suke kwana ba. Bayanai suna cikin wani akwatin ƙarfe mai cike da faya-fayai, shi muke ce wa ma'ajiya. Tsakanin su biyun akwai suwic, wanda duk wayoyin ke haɗuwa a jikinsa. Wayar kuma faiba ce, zaren gilashi ne a cikinta da bai kai kaurin gashin kai ba, haske ke gudu a ciki. Ka lanƙwasa ta da yawa, hasken ya ragu. Ka taɓa bakinta da yatsa bayan ka ci ƙosai, ka gama da ita. Ka leƙa cikinta don ka ga ko hasken na zuwa, to idon naka ne, kai ka san kasuwar da ake sayar da wani.

Oga Audu ba ya yarda a fara neman matsala daga sama. Yakan ce mai gaggawa kwamfuta yake buɗewa, mai hankali durƙusawa yake yi. Ka fara durƙusawa bayan kabad ka auna haske. In haske na nan, ka tambayi suwic ko ya ga katin da ke jikin sabar. In ya gani, ka duba zonin, wato iyakar da aka shata a cikin suwic cewa wannan saba da waccan ƙofar ma'ajiya su kaɗai za su yi magana da juna. In iyaka daidai take, ka koma wurin ma'ajiya ka ga ko ta yarda ta nuna wa sabar rabonta. Sai bayan duk wannan ka nemi kujera. Ku kuwa da kujerar kuke farawa, shi ya sa gwiwar wandonku fes take, aikinku kuma sai a hankali.

Jakar nan da kuke yi wa dariya, wai ta yi kama da ta wanzami, ba abin ado a cikinta. Akwai abin auna haske, akwai alƙalamin goge bakin waya, akwai 'yan ƙwayoyin ƙarfen nan da ake cusawa a ramin suwic su riƙa fitar da hasken, waɗanda muke ce wa ido. Sai wata shuɗiyar waya mai faɗi, da ita ake shiga cikin suwic ranar da ya toshe kunne ya ƙi jin kowa. Na taɓa ba da aron mota, na taɓa ba da aron babbar riga ta zuwa ɗaurin aure. Shuɗiyar wayar nan ko ƙanena bai taɓa kwana da ita ba.

Wani asibiti mai zaman kansa a Malumfashi sun taɓa aiko mini, wai kullum da hantsi hotunan ƙashi da na ciki sai su ƙi buɗuwa a kwamfuta. Likita na jira, mara lafiya na kwance da karyayyar ƙafa, can wajen azahar sai hotunan su dawo da kansu kamar ba su ba. An sake wa saba manhaja, an zagi mai ba da wuta, har an fara zancen a kira malami ya yi tofi a ɗakin. Na je da sassafe na sami kujera na zauna a lungu ina kallo. Can sai ga Baba mai shara da bokitinta, mace mai tsabta, Allah ya saka mata. Ta goge ƙasa, ta ga ƙofar bayan kabad a buɗe, ta sa ƙugu ta danne ta da ƙarfi har sai da ta ce ƙas. Ƙofar ta matse faiba. Su kuma dama hanya ɗaya tal aka ja musu. In rana ta take, ɗakin ya ɗau zafi, maigadi ya zo ya buɗe ƙofar don iska ta shiga, hotuna su dawo. Na sake wa wayar hanya, na nuna wa likitan. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Shi ke nan? Ƙofa?" Ku riƙe wannan. Mai kaya ya fi son a ce masa abu ya ƙone ƙurmus. In ka ce masa ƙofa ce, sai ya ji kamar ka raina masa ciwo.

Aikin da ya fi nuna mini halin mutane kuwa shi ne na kamfanin Alhaji Babba, a bakin hanyar Bakori in ka fita daga Funtua. Masara da waken suya da auduga suke saye a hannun manoma, suna da sikelin nan da mota ke hawa da kayanta a auna. Duk abin da sikelin ya auna, da sunan manomin, da abin da ke cikin sito, saba ke karɓa ta tura ma'ajiya. Ni na haɗa musu ɗakin tun daga farko. Na sa suwic biyu, kowace saba na ja mata waya biyu, ɗaya ta bi ta wannan, ɗaya ta bi ta wancan, don in hanya guda ta mutu ɗayar ta riƙe aikin.

Alhaji Babba ya shigo da sandarsa ya tsaya yana kallo. Tsohon direban babbar mota ne kafin Allah ya buɗa masa. Ya ce, "Injiniya, mi ya sa biyu? Ɗayan ba shi da lafiya ne?"

Na ce, "Dukansu lafiya lau, Alhaji."

"To safaya ke nan."

"Kusan haka, sai dai ita wannan safayar tana juyawa tare da sauran."

Ya tsaya yana shafa gemu. Can ya ce, "Na taɓa wuni biyu a daji da lodin gyaɗa saboda taya ɗaya. Bar su biyun." Ya juya ya fita, bai sake shiga ɗakin ba har ya bar duniya. Shekara da shekaru ɗakin na aiki, ni kuma ina leƙowa ina share fanka ina auna haske, ba wanda ya san ma ina zuwa sai maigadi. Haka sana'ar take. In aikinka ya yi kyau, an manta da kai.

Da Allah ya yi wa Alhaji rasuwa ya bar 'ya'ya da dama, amma manyan maza biyu ne ke jan ragama: Alhaji Sanusi, babban, da Alhaji Nafi'u da ke riƙe da reshen Malumfashi. Tun uban na da rai ba sa ga maciji da juna. Aka zo rabon gado, aka yanke cewa Sanusi ya riƙe Funtua, Nafi'u ya tafi da Malumfashi, kayan aiki kuma a raba. Aka raba motoci, aka raba kujeru, aka raba fankoki, har butocin masallacin ma'aikata sai da aka kasa su kashi biyu. Da aka iso ƙofar ɗakin sanyi, inda saba da ma'ajiya suke, sai Malam Tukur, manajan kamfanin, ya aiko a kira ni.

Na tarar da su sun cika ɗakin da bai kamata mutum uku su shiga ba, kowa da takalminsa. Malamin da ke rabon ya dunƙule cikin babbar riga yana rawar ɗari saboda esi, na'urar sanyaya ɗakin. Alhaji Nafi'u kuwa har ya gama ƙirga faya-fayan ma'ajiya da ɗan yatsa.

Ya ce, "Sha biyu ne. Shida nawa. Injiniya, zaro mini."

Na ce, "Alhaji, ba a zarowa."

"Kamar yaya ba a zarowa? Ga maɓalli nan a jikin kowanne."

Gaskiyarsa, akwai maɓallin. Na yi masa bayani cewa bayanan ba a jere suke ba, balle a ce na Funtua na nan, na Malumfashi na can. Kowane suna da kowane awo an yayyanka shi an watsa cikin faya-fayan gaba ɗaya. Ya zare shida, shi bai samu komai ba, yayansa ma bai tsira da komai ba.

Malamin ya leƙo da kai daga cikin riga ya ce, "Wato kamar a tsaga saniya mai rai gida biyu."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ita saniya ko an tsaga ta ana cin nama."

Malam ya yanke hukunci cewa abin da rabawa ke kashe shi ba a raba shi, sai dai a yi masa ƙima. Ma'ajiya ta tsira, aka ce in kwafe wa Nafi'u abin da ya shafi Malumfashi daban. Na sauke ajiyar zuciya, ashe da sauran rina a kaba. Alhaji Nafi'u bai yi niyyar fita ɗakin nan hannu rabbana ba. Idonsa ya yi ta yawo har ya sauka kan suwic.

"Waɗannan fa? Biyu ne, iri ɗaya, kamar Hassan da Husaini."

Na fara bayanin hanya biyu. Alhaji Sanusi, wanda burinsa kawai ƙanen ya ɗauki wani abu ya bar masa harabar, ya katse ni. "Injiniya, tambaya ɗaya. In an cire guda, aiki zai tsaya?"

Na ce, "Ba zai tsaya yanzu ba, amma..."

"Shi ke nan. Cire masa."

Amma ɗin nan tawa har yau tana ɗakin, ba wanda ya tsaya ya ɗauke ta. Na roƙa, na rantse, na kawo maganar marigayi da tayarsa. Aka ce umarni aka ba ni, ba shawara aka nema ba. Na zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na kwance suwic na miƙa. Kowa ya zuba ido ana jiran sama ta faɗo. Sai aka ji muryar akawun sikeli daga waje yana ɗaga murya, "Yana aiki! Ko gezau bai yi ba!"

Duk suka juyo suna kallona kamar an kama ni da akuyar maƙwabci a ɗaka. Alhaji Sanusi ya girgiza kai ya ce, "Ashe duk shekarun nan wuta kawai yake sha. Allah ya jiƙan Baba, ya yarda da mutane da yawa."

Kun ji inda aikin kirki ke kai mutum. Abin da na gina don kada a ji komai ranar da hanya ɗaya ta yanke, ya yi aikinsa daidai wa daida, kuma da wannan ɗin aka kafa hujjar cewa ni macuci ne. Ba a kore ni da baki ba. An dai daina kirana, maigadi ya fara ce mini manaja ba ya nan alhali ga motarsa a inuwa. Labari kuma ya zaga Funtua cewa Injiniya Lawal komai biyu-biyu yake sa mutane su saya. Har a wurin jana'iza wani ya tambaye ni ko hular kaina ma biyu na sa.

Shekarar ce kuma aka rufe layukan waya a yankinmu saboda ɓarayin daji. Ku da kuke cewa in abu ya gagara sai ku kalli bidiyo a intanet, na so a ce na gan ku a lokacin. Ba kira, ba saƙo, mutum sai ya hau mota ya nufi wajen Zariya kafin ya sanar da ɗan'uwansa an yi masa haihuwa. Ofisoshi suka rage aiki, masu nemana daga nesa ba su da ta yadda za su same ni. Na koma gonarmu ta Maska na rungumi waken suya, a tsakani ina gyaran firinta da haɗa sola a gidajen mutane. Mutumin da ke shata iyaka a cikin suwic, ga shi bisa tsani ana yi masa tsawa ta bayan labule a kan inda zai rataya ƙwan fitila.

Wata rana ina gona ana casar waken, da hantsi, sai ga motar kamfani ta tsaya a bakin hanya. Malam Tukur ya fito, hula a hannu, ya ratso kunyoyi da takalmin ofis yana tuntuɓe.

"Injiniya, na je gidanka, na je shagon ƙanenka. Taso mu tafi."

"Lafiya dai?"

"Ina fa lafiya. Tun jiya saba ba ta ganin ma'ajiya. Sikeli ya tsaya cak."

Na ce, "Ikon Allah. Ai na ji an ce guda ɗaya ma ya isa."

"Don girman Allah ka ajiye wannan maganar sai mun isa."

Tun daga nesa na hango layin. Manyan motoci, a-kori-kura, har amalanken shanu, sun cika harabar sun malalo bakin titi. Tsakiyar kaka ce, kowa ya kawo abin da ya wahala a kai tun farkon damina, auduga a buɗe, ga hadarin ƙarshen damina yana haɗuwa ta gabas. Wani dattijo daga wajen Danja yana zaune bisa buhunansa ya ga ana raka ni da jaka, ya ce, "Kai ne likitan? To ka gaya musu, zamanin da ake awo da tiya ba mu taɓa kwana a layi ba."

Ɗakin sanyi ya zama ɗakin gashi. Esi ya mutu tun tsakiyar damina ba a gyara ba, sai aka tokare ƙofa da dutse don iska, ƙofar kuma tana kallon rumfar auduga. Kafin su neme ni sun ɗauko wani mai gyaran waya daga kasuwa, ya zare wayoyin duka ya mayar da su yadda ransa ya ba shi, waɗanda suka yi masa yawa ya bar su a ƙasa ana takawa. Na durƙusa na auna. Haske na fita daga saba, haske na fita daga ma'ajiya. Na kunna suwic, ya yi gurnani kamar tsohon injin niƙa, ya kawo fitilu, ya sake mutuwa. Na kwance murfinsa. Fankokin sun cushe da auduga har an isa a ɗinka matashin kai da ita, allon ciki kuma ya yi baƙi yana ƙauri. Da ɗan'uwansa na nan, da ba wanda zai san ya mutu sai ni.

Na san wani cikinku zai ce me ya hana in haɗa saba da ma'ajiya kai tsaye. Irin wannan ma'ajiyar ba ta magana da kowa sai ta bakin suwic. Na gwada don kada a ce ban gwada ba, ta yi banza da ni. Sabo kuma sai an aika Legas, ga ba waya, kafin ya iso masarar mutane ta zama abincin ƙwari. Irinsa guda ɗaya na sani a duk faɗin yankin nan, yana Malumfashi.

Da na gaya wa Alhaji Sanusi sai ya miƙe tsaye. "Ni in roƙi Nafi'u? Gara masarar ta tsiro a cikin buhu!"

Malam Tukur ya ja ni gefe ya ce akwai hanya ɗaya, Gwaggo. Hajiya Asabe ke nan, ƙanwar marigayi, tsohuwar da ta yi wa su biyun wanka suna jarirai kuma ba ta taɓa bari sun manta ba. Muka biya gidanta. Ko gama bayani ba mu yi ba ta yafa mayafi ta shige gaban mota, ta bar manaja da injiniya a baya kamar 'yan rakiyar amarya.

A ofishin Alhaji Nafi'u muka sami suwic bisa firji, an lulluɓe shi da ƙyalle mai ado, an ɗora masa filas ɗin shayi. Ashe ya taɓa kawo wani ya haɗa masa kyamarori da shi. Wayoyin suka ƙi shiga ramin, shi kuma gwanin ya yi ta danne-danne har ya goge duk abin da ke ciki, ya zare idanun ya watsar da su inda Allah kaɗai ya sani. Tun daga nan suwic ya zama teburin shayi.

Alhaji Nafi'u ya durƙusa ya gaida gwaggonsa, ya ji abin da ya kawo mu, ya ɗaure fuska. "Gwaggo, gadona ne. Gaban malami aka raba."

Ta ce, "Na ji. Wa ya saye shi?"

"Baba."

"Mutanen da ke zube a rana can tun jiya, da wa suka saba?"

"Da Baba."

"To sunan uban naka ne kwance a layi, hadari na taruwa a kansa. Ka ɗauko, ko in shimfiɗa mayafina a ƙofar ofishin nan in zauna har kasuwar Malumfashi ta taru ta tambaye ni dalili."

Ya ɗauko. Amma ya rantse ba mai riƙe masa, aro ne, kuma ƙafarsa ƙafar kayansa. Haka muka dawo Funtua, Alhaji guda da babbar riga rungume da suwic a cinya kamar mai kai jariri asibiti.

Bayan azahar na fara. Na ciro idanun mataccen na sa wa mai ran, na goge bakin kowace waya, na zubar da waɗanda aka taka. Na shiga da shuɗiyar wayata, na tarar da cikinsa wayam, ba iyaka ko ɗaya. Kowane kati a jikin saba da kowace ƙofa a jikin ma'ajiya suna da sunansu, dogon jeren lambobi da haruffa, an rubuta shi ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Sai ka haska tocila ka karanta, ka dawo ka buga, ka sake komawa ka tabbatar. Kuskuren harafi ɗaya, fitila za ta ba ka korenta mai kyau, saba kuma ta ci gaba da zama makauniya. Ina wannan aikin Alhazan biyu na tsaye a kaina, ɗaya a kafaɗar dama ɗaya a ta hagu, ba sa magana da juna sai ta bakina.

Sanusi ya ce, "Injiniya, gaya masa ya daina jingina da kabad ɗina."

Nafi'u ya ce, "Injiniya, gaya masa abin da ke cikin kabad ɗin nawa ne."

Na kunna iyakokin, na koma kan saba. Ta ga ma'ajiya. Sai dai da yake hanyar ta yanke ana tsakiyar rubutu, ta fito da tambaya a allo, wai ba ta gane faifan ba, ko a share shi a fara sabo? Alhaji Sanusi ya miƙo hannu ta saman kaina ya ce, "Danna eh mana, a wuce wurin. Mutane na jira." Na riƙe hannun. Ban taɓa riƙe hannun mai kuɗi haka ba, kafin nan ko bayan nan. Na ce, "Alhaji, in aka danna wannan, kai da ƙanenka ba ku da sauran abin da za ku yi faɗa a kai."

Na sa ta binciki faifan ta gyara abin da ya gyaru. Wajen la'asar komai ya dawo, ban da awon da aka yi daf da mutuwar suwic. Wannan ya tafi har abada. Dole aka sake fito da buhunan mutane daga sito aka ɗora a mota aka auna, 'yan dako na tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro kwamfuta. Layi ya fara tafiya, amma ruwan bai jira mu ba. Ya sauko kan na ƙarshen layi, audugar mutum da yawa ta jiƙe, ciki har da ta wasu da ba su da wata gonar sai ita. Dattijon Danja ya samu shiga da ƙyar. Da zai wuce ya dube ni ya ce, "Likita, an gode. Amma mara lafiyar naka ya fi mu gata."

Da aka natsa aka kira ni ofishin Alhaji Sanusi. Na tarar da su biyun a kujera ɗaya, abin da ba a gani ba tun zaman makoki, Gwaggo na gefe tana jan carbi. Na ɗauka godiya za a yi, har na gyara tsayuwa.

Alhaji Sanusi ya ce, "Injiniya, ka ga da ka yi mana bayani sosai ran nan, da duk wannan bai faru ba."

Alhaji Nafi'u ya karɓe. "Wallahi Yaya, abin da ke raina ke nan. Mutum ya san abu ya yi gum, ya bar 'yan'uwa na saɓawa a kan ƙarfe."

"Ka gani ko? Su masu ilimin nan haka suke."

"Haka suke, Yaya."

Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Na buɗe baki zan tuna musu amma ɗin da suka bari a ɗakin sanyi, sai na ga Gwaggo ta ɗago ido ta girgiza mini kai kaɗan. Na rufe bakina. A nan zaune suka yanke shawarar a gyara esi, a sayo sabon suwic ya zama biyu, kuma kowannensu ya nuna tun asali ra'ayinsa ke nan. Aka kawo tuwo suka ci a kwano ɗaya. Ni aka ba ni ruwa.

Ina fita da jakata direba ya ce Hajiya na kira. Na je bakin tagar mota na rusuna. Ta ce, "Ɗan nan, na ji komai. Abin da ka faɗa ranar rabo ma an kawo mini har gida. Amma tun da yayana ya rasu, yau ne na fara jin Nafi'u ya buɗe baki ya ce Yaya. Ka daure ka riƙe laifin nan. Kada ka sake shi daga hannunka."

Na riƙe. Har yanzu in kun raka ni kamfanin za ku ga sababbin ma'aikata na zungurar juna suna nuna ni, ga injiniyan da ya kusa raba gidan Alhaji Babba. Alhazan kuwa su biyun sun kafa doka, ba mai taɓa ɗakin nan sai ni. Wai tunda ni na ɓata, ni zan yi ta gyarawa.